Kujerun ɗakinta sun ɓare, na motata sun yage: wanne zan fara gyarawa?

Assalamu alaikum Yaya. Ni direba ne a Birnin Kebbi, ina lodin Sakkwato da motata Sharon. Shekara biyar ke nan da aurenmu, muna da yaro ɗaya, yanzu kuma mai ɗakina tana da juna biyu wata bakwai. Kujerun da mahaifinta ya yi mata na kayan ɗaki na leda ne baƙaƙe: mai zaman mutum uku, mai biyu, da ƙanana biyu. Tun bara suka fara ɓarewa, yanzu duk wanda ya zauna sai ya tashi da ɓarɓashi a bayan riga. Na kira mai gyara, ya ce naira 320,000. Kujerun motata ma sun yage, soso ya leƙo, har fasinja na ƙorafi, mai ɗinkin kujerun mota ya ce 110,000. Abin da ke hannuna 150,000 ne na adashin da na kwasa. Ranar da muke maganar raina ya ɓaci, na ce mata ai babanta jabu ya saya mata. Tun ran nan ba ta sake ɗaga zancen ba, sai dai ta lulluɓe su da zannuwan gado. Abokina ya ce in sayar da su, in ƙara kuɗi in sayi sababbi. Shin cutata masu gyaran nan suke so su yi? Kuma wanne zan fara kafin suna?

Wani direba, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah Ya sauki iyali lafiya, Ya nuna mana suna da alheri, Ya kuma tsare maka hanya.

Zan zo kan lissafi, amma bari in fara da kalmar da ka jefa mata, don ita gyaranta ba ya jiran adashi. Ka san abin da uba ke sha kafin ya kai 'yarsa ɗaki a ƙasar nan. Gado da katifa, kujeru, labule, kafet, kayan kicin, ga gara na biye. Wani shinkafar da ya noma a fadama yake sayarwa buhu-buhu, wani sa yake kaiwa kasuwa, wani kuwa sai ya shekara biyu yana biyan bashin. Yarinya tana ganin duk wannan da idonta. Da ka ce jabu ya saya, wahalar ubanta ta ji ka raina. Kada shirun da ta yi ya sa ka ɗauka magana ta wuce. Mace mai tsohon ciki da ke share ɓarɓashin leda kowace safiya, tana tunanin matan da za su cika mata falo ranar suna, danginka da nata, ba ƙaramin abu take haɗiyewa ba. Ka same ta da dare bayan yaro ya yi barci, ka ce, "Ki yi haƙuri, abin da na faɗa a kan Baba ban kyauta ba." Kada ka bi shi da "amma". Magana zarar bunu ce, ba ta komawa, sai dai ban haƙuri yana rage mata dafi, musamman in aka yi shi kafin ta kai kunnen gidansu.

Kuma ba don lallashi kaɗai nake cewa ka janye ba. Maganar taka ba daidai ba ce.

Abin da ake rufe yawancin kujerun kayan ɗaki da shi a kasuwanninmu ba fatar dabba ba ne. Yadi ne aka shafe fuskarsa da roba, aka buga masa zane mai kama da na fata. Iri biyu suka fi yawa. Akwai mai laushi da daɗin taɓawa wanda ake kira PU, akwai mai kauri da ɗan tauri wanda ake kira PVC. Mai laushin nan laima da gumi da zafi ne ke cin sa a hankali, har robar ta saki yadin da ke ƙarƙashinta ta fara zuba kamar saɓar maciji. Shi kuwa mai kaurin, akwai wani sinadari da ake sa masa don ya riƙa tanƙwaruwa, zafi yana fitar da shi kaɗan-kaɗan, sai ledar ta bushe ta tsattsage. To ka dubi inda kujerun nan suka zauna. A Birnin Kebbi daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, ga rufin kwano, ga rashin wuta, mutum na zaune gumi na bin bayansa. Damina ta kawo laima, hunturu ya zo ya busar da komai ƙayau. Ledar da ta yi shekara huɗu a cikin wannan kafin ta fara ɓarewa ta ci kwanakinta. Ko gidan wa aka kai ta, haka za ta yi.

In kana so ka tabbatar da idonka, juya ɗaya daga cikin ƙananan kujerun, ka nemi bakin ledar inda aka buga ta a jikin katako, ka duba bayanta. In ka ga saƙar zare fara ko ruwan toka, roba ce a kan yadi. Fatar gaske bayanta gashi-gashi ne, tana da warinta, kuma in ta tsufa dusashewa take yi ta yi layi-layi, ba ta zubar da ɓawo.

Mu nan mun san fata. Fatar jar akuyar Sakkwato ta daɗe da yin suna, ita ce ayari ke ketare Sahara da ita har Turawa suka riƙa jingina ta ga Maroko. Har gobe majema suna jima da bagaruwa, dukawa suna yin tumtum da jaka da takalmi da kube. Sai dai fatar akuya ƙarama ce, ba da ita ake rufe manyan kujeru ba. Wannan aikin fatar shanu ne, kuma kujera mai zaman mutum uku kaɗai tana iya cin fatun shanu biyar ko fiye. Ga shi a ƙasar nan kaso mai yawa na fatar shanu ganda ake yi da shi, tukunya take tafiya. Shi ya sa saitin kujerun fata zalla ba abin da uba mai matsakaicin ƙarfi ke yi wa 'yarsa ba ne. Surukinka ya sayi abin da kowa ke saya, ya kuma biya kuɗinsa. Wannan bayanin zai yi maka amfani a wani wuri ma: duk mai gyaran da ya ce zai sa maka "orijinal fata" a saitin mutum bakwai a kan kuɗin da aka faɗa maka, ka san ba fata zai sa ba.

Leda kuwa in ta fara zuba, ba ta da magani. Za ka samu mai cewa zai fesa mata fenti, wani ya ce a shafa gam, wani ya ce mai. Duk abin da aka ɗora, a kan robar da ta riga ta saki aka ɗora shi, zai kuma biyo ta su zubo tare. Kada ka kashe ko sisi a nan. Sannan ka lura da yaronku, don ƙananan yara suna son ɓantarar abin nan suna kaiwa baki.

Shawarar abokinka ta sayarwa, ka ajiye ta gefe. Na farko dai kujerun ba naka ba ne. Abin da uba ya yi wa 'yarsa na kayan ɗaki mallakinta ne, a addini da al'ada, kuma zaman da suka yi a gidanka bai mayar da su naka ba. Ba ka da ikon sayarwa sai da yardarta, yarda ta gaskiya, ba wadda aka karɓa da ɗaure fuska ba. Na biyu, ko ta yarda, asara ce. Mai sayen tsofaffin kaya zai zo ya taɓe baki, ya nuna maka ɓarewar da kai ma kana gani, ya taya da abin da bai taka kara ya karya ba. Abin da yake so shi ne katakon. Zai kai a sake masa riga, ya sayar wa wani uban amarya a matsayin sabo. Kai kuma ka je ka sayi sabon saiti mai araha wanda ba ka san me ke cikinsa ba, wataƙila ɗanyen katako ne da gutsattsarin soso, an rufe da irin ledar da ta ba ka kunya. Araha ba ta ado.

Darajar kujera tana cikin ƙashinta. Ka gwada su ɗaya bayan ɗaya. Kama hannun kujera ka girgiza, ka ji ko yana lilo. Ɗaga kusurwa ɗaya ta gaba sama, in katakon na da ƙarfi ɗaya ƙafar ta gaban ma za ta biyo, in ya saki za ka ji yana murɗewa yana ƙara. Haska ƙarƙashi da tocilan, ka duba ko akwai garin katako a ƙasa, alamar gara ko ƙwaro. Zauna a tsakiya ka ji ko kana nutsewa har ka taɓo katako. In ƙashin lafiya lau yake, gyara ya fi saye nesa ba kusa ba.

Yanzu tambayarka: cuta ce ko ba cuta ba? Jimillar kuɗi ita kaɗai ba ta nuna cuta. Abin da ya kamata ya dame ka shi ne an ba ka ita a dunƙule. Kuɗin sake wa kujera riga kashi uku ne: yadi, soso, da ladan aiki, sai ƙananan abubuwa irin su gam da zare da ƙusa da kuɗin dako. Biyun farko duka dala ce ke jan su. Ledar daga waje ake shigo da akasarinta, musamman daga Sin, soso kuwa ko da a nan gida ake yin sa, sinadaran haɗa shi daga waje suke zuwa. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Tallafin mai kuma an cire shi a ƙarshen Mayun 2023, wannan kai ka fi ni sani, tunda kullum kana bakin famfo. Bandir ɗin ledar da ya iso Birnin Kebbi sai da ya hau mota daga nesa, irin su Legas ko Kano ko Onica. Don haka in kana auna maganar mai gyara da farashin shekarar da kuka yi aure, dole ka ga kamar fashi ne. Shi ma in ya auna kuɗin motar Sakkwato na yau da na wancan lokacin, haka zai ce da kai.

Ga yadda za ka gane gaskiya. Ka kira mai gyaran kujerun falon ya dawo da tef ɗinsa, ya auna a gabanka, ya faɗi yadi nawa kowace kujera za ta ci. Bandir ɗin yadin kujera faɗinsa yawanci inci 54 ne, kuma saitin mutum bakwai mai manyan hannuwa da tudun baya yana iya cin yadi 30 ko fiye. Ka rubuta abin da ya faɗa. Sai ka shiga kasuwa da kanka, ba tare da shi ba, ka tambayi farashin yadi a shago biyu ko uku. Tunda kullum kana Sakkwato, ka tambaya a can ma yayin da kake jiran layi ya zo kanka. A ce, don misali kawai, ka samu yadi a kan 5,000, shi kuma ya ce 32 zai ci, ka ga 160,000 ke nan, rabin abin da ya nema. Sauran rabin sai ya yi maka bayaninsa: nawa ne na soso, nawa ne na hannunsa. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. Wanda ya fara kame-kame, yana cewa ai aikin ba a rarraba shi, ka yi masa godiya ka nemi wani.

A wurin soso ne kuɗi ya fi ɓacewa ba a sani ba. Masu gyara da yawa suna sa kuɗin sabon soso na dukan saiti a cikin lissafi, alhali ba duka ya mutu ba. Na wurin zama ne ke shan nauyi. Na jingina da na hannuwa sau da yawa suna nan da ransu ko bayan shekara goma. Ka danna da tafin hannu ka saki. In ya taso nan take, a bar shi. In ya bar gurbin hannunka ko yana marmashewa, shi za a canja. Idan za a sayi sabo, ka ɗaga shi ka ji nauyinsa, don soso mai nauyi shi ke daɗewa, mara nauyin nan da ke cika ido wata shida ya isa ya kwanta. Kuma ka nemi a farke kujerun a gida, a tsakar gida, kana tsaye. Ka ɗauki hoton abin da ke ciki da wayarka. Ba zargi ba ne, kariya ce gare ku duka, don gobe kada wani ya ce an musanya masa soso mai kyau da tarkace.

To, wanne za a fara? Mota. Ita ce ke kawo abin da ake ɗora tukunya da shi, ita ce kuma za ta biya kuɗin kujerun falon. Fasinjan da ya leƙo ya ga soso a waje, ga wata motar a bayanka tsaf, ka san abin da yake yi: sai ya ce zai jira ta gaba. Wanda ya shiga da farar shadda ƙarfen kujera ya ja masa ita, ba zai sake shiga motarka ba, kuma zai faɗa wa wani.

Sai dai fara da mota ba ya nufin ka miƙa 110,000 gaba ɗaya. Wannan kuɗin sake wa dukan kujerun riga ne, kai kuwa ba lallai kana bukatar haka yanzu ba. Rigar kujerar mota gunduwa-gunduwa ake ɗinka ta, don haka ana iya farke wadda ta yage kaɗai a sa sabuwa. Ka zagaya motar da mai ɗinkin ku ƙirga wuraren da suka mutu. Kusan kullum gefen kujerar direba ne na wajen ƙofa, inda kake gogawa in za ka shiga ko fita, sai layin tsakiya inda fasinja ke turereniya. Kujerarka kai kanka ka fi ba ta muhimmanci, a cika mata soso mai kyau. Tafiyar kusan kilomita 150 zuwa, 150 dawowa, a kan kujerar da ta karkace gefe ɗaya, tana cikin abin da ke jawo ciwon bayan da direbobi ke ɗauka na tsufa ne. Ka leƙa wajen masu sayar da kayan mota na Beljiyam ma, wani lokacin kujera sukutum ta irin motarka tana zuwa ƙasa da kuɗin ɗinki, sai dai ka tabbatar ƙarfen da take tafiya a kai ya yi daidai da naka, kuma yana kullewa.

A mota leda mai kauri tana da ranarta. Motar haya tana ɗaukar mai galan ɗin manja, da mai kifin Yauri, da mai goyo, duk abin da ya zuba kuwa tsumma da ruwa sun isa. Amma ka guji baƙa wuluk in da hali. Motar da aka rufe aka bari a rana cikin bazara, zafin cikinta yana iya haura digiri 60, baƙar leda kuma ta fi kowace jan zafi, ta ƙona fasinja ta kuma mutu da wuri. Ruwan toka ko ruwan ƙasa sun fi.

Abu biyu kada ka yi sakaci da su. Ka duba gefen kujerun gaba, in ka ga ɗan ƙyalle ko tambari an rubuta AIRBAG, to akwai jakar iska a cikin kujerar, wadda ke fasa ɗinkin ta fito ta tare mutum in an yi haɗari. Ɗinkin wajen da gangan aka yi shi mai saurin farkewa. In aka rufe shi da leda mai kauri aka bi da zare mai ƙarfi, jakar ba za ta fito yadda ya kamata ba. Ka nuna wa mai ɗinkin, ka ce kada ya taɓa wannan gefen. Na biyu, kada a binne makullan bel a ƙarƙashin sabuwar riga. Ba don tsoron jami'an kiyaye haɗurra kaɗai ba, rayukan mutane kake ɗauka. Sannan ka tuna duk ranar da mota ta wuni a wurin ɗinki, lodin ranar ya tafi, shi ma kuɗi ne. Ka shirya da shi a cire layi ɗaya da yamma bayan ka dawo, ko ka zaɓi ranar da ka san tasha ba ta cika ba.

Akwai abin da ba ka ambata ba a wasiƙarka, ni kuwa shi ya fi tsaya mini a rai. Ka ce 150,000 ne a hannunka, haihuwa kuma saura wata biyu. Ina kuɗin asibiti? Ina na ragon suna, da kayan jariri, da itacen wankan jego? In ka riga ka tanadi waɗannan daban, alhamdu lillahi. In kuwa wannan adashin ne kaɗai abin da ka dogara da shi, to wallahi kada ka bari ya ƙare a kan kujera, ta mota ce ko ta falo. Haihuwa tana iya zuwa da sauƙi, muna roƙon Allah Ya sa haka, tana kuma iya zuwa da bukatar jini ko aiki cikin dare, lokacin da ba ka da wanda za ka buga wa ƙofa. Ka ware kaso mafi tsoka ka ajiye inda hannunka ba zai kai ba sai ranar. Abin da ya rage shi ne na gyara.

Da wannan ragowar, bayan ka gyara wuraren da suka mutu a mota, ga abin da nake gani zai fisshe ku kunya ranar suna. A fitar da kujerun tsakar gida, a kankare duk ledar da ta saki da burushi mai tauri, har sai yadin ƙasan ya fito fili ba abin da ke zuba. Kai za ka yi, ko ka sa yara, ba ita ba, kada ta shaƙi ƙurar. Sai a kira tela ya auna ya ɗinka musu riga ta yadi mai kauri, wadda ake sawa a cire a wanke, da roba ko igiya a ƙasa don ta kama jiki. In telan ya iya aikinsa, baƙo ba zai san abin da ke ƙarƙashi ba. Wannan ba ya bukatar kafinta, ba ya bukatar soso, kuɗinsa kuma bai kusa da na sake riga gaba ɗaya ba. In ma abin bai kai ba, a yi wa mai uku da mai biyu, ƙananan a shigar da su uwar ɗaka, a shimfiɗa kafet da tabarmi, dama mata ranar suna ƙasa suka fi zama. Bayan an yi arba'in hankali ya kwanta, sai ka sake shiga adashi da sunan babban gyaran. Ka faɗa mata watan da kake sa ran kwasa, don ta san magana ce mai rana, ba "sai Allah Ya hore" da ake kashe zance da ita ba.

Idan lokacin ya zo kuma kuɗin bai isa a yi duka a tashi ɗaya ba, ana iya yin aikin kujera ɗaya-ɗaya. Amma yadin a saye shi duka rana ɗaya daga bandir ɗaya. In ka sayi rabi ka ce ka dawo bayan wata uku, ko dai ka tarar ya ƙare, ko ka samu mai kama da shi wanda launinsa ya ɗan bambanta, kuma a falo wannan bambancin ba ya ɓuya.

Wajen zaɓen mai aiki, kada hoton waya ya ruɗe ka, kowace kujera tana da kyau ranar da aka gama ta. Ka ce ya nuna maka gidan da ya yi wa aiki shekara biyu da suka wuce, ka je ka ga ɗinkin ko ya buɗe. In kun daidaita, ku rubuta a takarda: yadi kaza, soso kaza, ladan aiki kaza, kafin alƙalami kaza, ranar kawowa kaza, da shaida ɗaya. Wasu suna ganin rubutu tsakanin Musulmi rashin yarda ne, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi. Kayan aiki ku je ku saya tare, ka biya da hannunka, ladansa kuma ka ba shi wani abu a fara, ciko sai ka ga aiki. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, mai sana'a yana lamunin kayan da aka ba shi ya tafi da su wurin aikinsa, in sun lalace ko sun ɓace a hannunsa, don haka ba laifi ba ne ka faɗi wannan tun farko. Kai ma ka cika naka: ranar da ya kawo aiki ka biya shi, kada ka sa shi zarya a tasha. Kuma kada ka kai aiki gab da Salla ko lokacin da bukukuwa suka yi yawa, don a lokacin kowane shago cike yake da kayan amare, naka a baya za a ajiye shi. Duk ranar da kake bukatar kujerun, ka faɗa masa mako biyu kafin ita.

Sauran magana ita ce me za a rufe su da shi, wannan kuwa ba kai za ka yanke ba. Ko da kuɗinka ne za a yi gyaran, kujerun nata ne, bayan gyaran ma nata ne, kuma kada wata rana ɓacin rai ya sa ka yi mata gori da shi. Ka karɓo 'yan ƙyallayen samfur daga shago ka kawo mata gida, ta taɓa, ta kanga su da labulenta da kafet ɗinta, ta zaɓa. Ni dai da za a tambaye ni, yadi mai kauri zan ce, don a zafin Kebbi ya fi daɗin zama, ba ya manne wa jiki, ba ya ɓarewa, in ya tsufa kuma koɗewa kawai yake yi. Ka faɗa mata wannan a matsayin shawara.

Tana iya cewa ita leda take so, kuma tana da hujja, don mai yara biyu ƙanana ta san abin da kunu da fitsari ke yi wa yadi. In haka ta zaɓa, a nemi mai kauri wadda saƙar bayanta ke da ƙarfi. Ka lanƙwasa gefenta da ƙarfi ka saki, in wurin ya yi fari ko ya bar layi, a ajiye ta. A ja kujerun nesa da tagar da rana ke shigowa, a ɗan raba su da bango, kada kuma a ajiye kaskon turaren wuta kusa da su. Wajen gogewa tsumma mai laushi da ruwa da ɗan sabulu kaɗan sun wadatar, a bi da busasshen ƙyalle. Fetur da kananzir da ruwan bilic da turaren fesawa duk suna cin fuskar leda, ta mota da ta falo. Ita ma mai kaurin ku sa a ranku 'yan shekaru za ta yi ta nemi canji, don haka in an zo ɗinki ka ce a yi wa matasan zama zif, yadda nan gaba su kaɗai za a cire a sake, ba sai an farke kujerar gaba ɗaya ba.